Josephine Baker da Barmani Choge: Wa Aka Yi Wa Rawar?

Ranar 30 ga Nuwamba 2021, Faransa ta shigar da Josephine Baker sahun gwarazanta a Panthéon da ke Paris, ta zama baƙar mace ta farko da aka yi wa wannan karramawa. Shekara takwas kafin nan, a watan Maris na 2013, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta rasu a Funtuwa. Aka yi mata sutura, aka karɓi gaisuwa, kowa ya kama gabansa. Dukansu da murya da rawa suka ci abinci, dukansu kuma sun sha zargin rashin kunya.

Baker ba haifaffiyar Faransa ba ce. A St. Louis ta Amurka aka haife ta a 1906, cikin talauci da wariyar launin fata, tun tana ƙarama take aikatau a gidajen Turawa. Ta isa Paris a 1925, shekara na zagayowa tana rawa a Folies Bergère da ɗan banten ayaba a ƙugu. Turawa suka yi ta tururuwa. Amma abin da suka biya kuɗi su kalla wata Afirka ce da suka ƙaga a ransu, ta daji da tsiraici, aka ɗora wa yarinyar da ta tashi a bakin kogin Mississippi. Ko a fim ɗinta na 1935, Princesse Tam-Tam, makiyayiya 'yar Tunisiya aka mai da ita, wadda Bature zai koya wa zaman birni. Ta san wasan da ake yi, ta kuma ci ribarsa, sai dai ba ita ta shata filin ba.

Barmani kuwa filinta nata ne. Amada kiɗan mata ne: a kife ƙore, wasu a kan ruwa, 'yan amshi su zauna, a cashe a gidan biki ko na suna. Masu saurarenta su ne waɗanda take waƙa a kansu, matan aure, zawarawa, uwargida da amarya. Ta fito da zancen da ake yi a ƙuryar ɗaki ta baza shi a tsakar gida, daga kishi da halin maza har zuwa surar jikin mace. Wasu suka toshe kunne suka ce batsa ce, kuma gaskiya wasu baitocin ba na gaban suruki ba ne. Duk da haka, a waƙarta A Kama Sana'a Mata ta gaya wa matan kulle su nemi na kansu, da harshen da suke ji, ba tare da wani taron bita ba. A nan, a ganina, ta fi Baker 'yanci.

Inda Baker ta yi zarra shi ne abin da ta yi da sunanta bayan ta same shi. Ta zama 'yar ƙasar Faransa a 1937. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ta yi wa ƙasar leƙen asiri, tana ɓoye saƙonni cikin takardun waƙoƙinta. A Amurka ta ƙi hawa dandamalin da aka raba baƙaƙe da farare, a 1963 kuma ta yi jawabi a gangamin Washington, ranar da Martin Luther King ya yi nasa. Ta riƙi yara 12 daga ƙasashe daban-daban. Wannan Faransa ta karrama, ayabar ta biyo baya. Barmani ba ta yi irin wannan fafutuka ba, sau da yawa ma kishiya take yi wa zambo ta ƙyale maigida.

Bambancin da ya fi damuna na adana ne. Finafinan Baker da faya-fayanta suna nan a killace, gidanta na Milandes ya zama wurin ziyara. Namu kuwa kaset-kaset ne da ke lalacewa, sai ƙoƙarin ɗaiɗaikun masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu. Ga inda za a iya farawa: garin Dundaye yana maƙwabtaka da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake nazarin waƙoƙin baka na Hausa. Ɗaliban da ke wannan nazari, musamman mata tunda su ke iya shiga cikin gida, su ɗauki na'urar naɗar murya su zauna da tsofaffin garin, su naɗi waƙoƙin daka da na niƙa da na biki tun masu su suna da rai.