OpenWrt: Yadda ake sauya wa rautar Wi-Fi ƙwaƙwalwa bayan kamfani ya yi watsi da ita

A watan Mayun 2018, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi wani kira da ba a saba ji daga gare ta ba: duk mai rautar intanet a gida ko a ƙaramin ofis ya kashe ta ya sake kunnawa. Dalili shi ne wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter, wadda masu bincike na kamfanin Cisco suka ce ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, ciki har da samfuran Linksys da Netgear da TP-Link da MikroTik.

Rauta ita ce ƙaramar na'urar nan mai ƙahonni da ke rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutoci. Yawancinmu da zarar an saita ta, shi ke nan, ba a sake waiwayarta sai ranar da sabis ya ɗauke. Amma kwamfuta ce cikakkiya, tana da manhajar da ke tafiyar da ita, kuma duk saƙon da ya fita daga gidan ta cikinta yake bi. Matsalar ita ce kamfanonin da ke ƙera ta kan daina aiko mata da gyara bayan 'yan shekaru, alhali ita na'urar ras take, tana iya ƙara wasu shekarun tana aiki. Duk ɓarakar tsaron da aka gano bayan nan, haka za ta zauna a buɗe.

Wannan giɓi ne ya sa wasu ke goge manhajar kamfani su ɗora wata wadda kowa ke da damar duba rubutunta da gyara ta. Mafi shahara a cikinsu ita ce OpenWrt.

Asalinta rigimar lasisi ce

A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys na Amurka ya fitar da wata rauta mai launin shuɗi da baƙi, WRT54G. A 2003, shekarar da Cisco ya sayi Linksys, sai masana suka gano cewa an gina manhajar cikinta ne a kan Linux. Shi kuwa Linux yana da lasisi mai suna GPL, wanda sharaɗinsa a fili yake: ka ɗauka kyauta, ka sayar ma in ka ga dama, amma dole ka bai wa wanda ya saya rubutun manhajar. Linksys bai yi hakan ba sai da aka matsa masa lamba.

Rubutun na fitowa, sai masu sha'awa suka yi masa caa. A farkon 2004 aka kafa OpenWrt, sannan DD-WRT ta biyo baya daga Jamus, sai Tomato. Haruffan "WRT" da ke cikin sunayen biyun farko daga waccan rauta aka gado su. Da Linksys ya rage wa sababbin samfuran ma'adana ya kuma sauya musu manhaja a 2005, sai ya fitar da wata ta daban, WRT54GL, musamman domin masu son Linux, wadda aka daɗe ana sayarwa.

Ita kanta OpenWrt ta taɓa darewa biyu a 2016, lokacin da wasu jiga-jiganta suka ɓalle suka kafa LEDE, kafin a sasanta a haɗe a 2018. Yau tana aiki a kan na'urori sama da 1,500, kodayake kakar tasu WRT54G ta yi ƙanƙanta da ɗaukar sabbin fitowar.

Me mutum zai samu?

Na farko shi ne gyaran tsaro da ke ci gaba da zuwa bayan kamfani ya janye hannu. Amma ga mai shagon buga takardu ko mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai a Kano ko Zariya, abin da zai fi jan hankalinsa shi ne iko a kan data, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Akwai ƙaramar manhaja mai suna nlbwmon da ke nuna yawan datar da kowace waya ta sha. Akwai mwan3 da ke haɗa layukan intanet biyu, idan ɗaya ya ɗauke ɗayan ya karɓa. Ana iya ware wa baƙi Wi-Fi nasu daban da ba zai kai su ga kwamfutocin ofis ba, a kuma toshe tallace-tallace tun daga rautar.

Wanda ya fi burge ni shi ne SQM. Kowa ya san yadda kiran WhatsApp ke yankewa da zarar wani a gidan ya fara sauke fim. Sau da yawa ba ƙarancin sabis ba ne, cunkoso ne: rautar na jera bayanai a dogon layi, muryarka na can baya tana jiran fim ya wuce. SQM kan rage gudun layin kaɗan, ya raba shi daidai tsakanin masu amfani, sai kiran ya daina sarƙewa.

Inda ake yin asara

Kafin komai, a juya rautar a karanta lambar samfurinta da ta zubinta, wato v1 ko v2 da makamantansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kamfani kan sauya kayan ciki gaba ɗaya ya bar sunan yadda yake. Wanda ya ɗora manhajar v2 a kan v5 zai iya wayar gari da abin da masu harkar ke kira bulo: na'urar da ba ta da sauran amfani sai danne takarda. Sai a nemi lambar a jerin na'urorin da OpenWrt ta wallafa. Idan babu ita, a haƙura.

Ƙananan rautoci masu ma'adanar megabait 4 da ram 32, irin waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu, an daina tallafa musu bayan fitowar 19.07. Shawarar masu aikin ita ce a nemi mai aƙalla 16 da 128. Masu kayan Wi-Fi na kamfanin Broadcom ma sukan ba da wahala, saboda kamfanin bai saki rubutun da ke sarrafa su ba. Su kuwa rautocin saka sim da kamfanonin sadarwa ke sayarwa, galibinsu a kulle suke kuma ba sa cikin jerin. Dabarar da aka fi yi ita ce a bar su a matsayin masu kawo sabis, a jona wata rautar mai OpenWrt a bayansu da waya.

Fayil iri biyu ake samu. Mai ɗauke da kalmar "factory" shi ne na ɗorawar farko daga manhajar kamfani, mai "sysupgrade" kuma na sabuntawa ne daga baya. Ana haɗa kwamfuta da rautar da waya, ba ta Wi-Fi ba, a shiga shafin saitinta, a zaɓi fayil ɗin a wurin sabunta manhaja. Aikin 'yan mintuna ne, amma idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsu, an shiga uku. A ƙasar nan kada wanda ya soma sai rautar na kan inbata ko batir. Wasu na'urorin ana iya ceto su ta hanyar TFTP, wasu kuwa sai an kwance su. Garantin kamfani ma yana iya faɗuwa, don haka ba a gwaji da rautar da shago ya dogara da ita.

Bayan ta tashi, kada hankali ya tashi don ba a ga Wi-Fi ba. Da gangan OpenWrt ke zuwa da shi a kashe. A buɗe 192.168.1.1 a burauza, shafin saiti mai suna LuCI zai bayyana. Babu kalmar sirri a farko, saboda haka saka ta ne aikin farko. Daga nan a zaɓi ƙasa a saitin rediyo, domin kowace ƙasa da zangon da ta halatta, a sa wa Wi-Fi kariyar WPA2 ko WPA3, sannan a kunna shi. Kuma OpenWrt ba ta sabunta kanta. Wanda ya ɗora ta ya manta da ita shekara uku, bai fi mai manhajar kamfani tsira da komai ba.

Batun zangon rediyon nan ya taɓa kusan rufe ƙofar baki ɗaya. Da hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta tsaurara doka kan ƙara wa rauta ƙarfi fiye da ƙima, sai TP-Link ya fara toshe ɗora baƙuwar manhaja a kan na'urorinsa na can a 2016. A watan Agustan shekarar, hukumar ta ci kamfanin tarar dala 200,000 kan saɓa ƙa'idar ƙarfin rediyo, kuma cikin sharuɗɗan sulhun har da haɗa kai da masu buɗaɗɗiyar manhaja domin masu saye su iya ɗora ta.

A ƙarshen 2024, shekara 20 da kafuwarta, OpenWrt ta fitar da rautar kanta, OpenWrt One, tare da masu ƙera Banana Pi da ƙungiyar Software Freedom Conservancy, a kan dala 89. An saka mata ma'adana biyu da wani ɗan makunni a jiki, ta yadda idan ɗorawa ta lalace, sai a tura makunnin a tayar da ita daga ma'adana ta biyu a sake gwadawa.