Shimfiɗar Ƙaro a Inda Babu Kwalta

Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu akwai mas'alar da take damun injiniyoyin soja, wato yadda za a sama wa jirgi masauki a ƙasar da babu kwalta, babu tsakuwa, babu kuma sukunin jiran siminti, wanda bisa ƙa'idar magina sai ya kwana 28 kafin a shaidi cikar ƙarfinsa. Amurkawa sun fara da fallayen ƙarfe masu huji, waɗanda suka gwada a 1941 kusa da Marston ta Karolina ta Arewa, kowane falle wajen kilo 30. A yaƙin Biyatnam kuma suka koma ga na alminiyam. Illar duka biyun ita ce nauyi, domin abin da za a shimfiɗa wa jirgi, jirgi ne zai ɗauko shi.

Wannan ya jawo hankali ga ƙaron masana'anta, wanda ake kaiwa cikin durom yana ruwa-ruwa, a gauraya shi da sinadarin da zai daskarar da shi, a fesa shi bisa ƙasa tare da zaren gilashi, cikin sa'a ɗaya ko biyu ya zama ɓawo mai tauri. A shekarun 1970 masu binciken sojan ruwa da ke Port Hueneme a Kalifoniya sun duƙufa a kansa.

Sai dai, a nawa ra'ayin, shaidar ɗakin gwaji ba ta zama hujja a kan irin wannan abu, saboda ɗabi'ar ƙaron tana bin yanayi: idan rana ta ƙwalle yakan daskare tun yana cikin mesa, ya toshe bakin mafesa, idan sanyi ya tsananta sai ya yi ta nawa, raɓa ko damshin ƙasa kuwa suna iya hana shi kamawa, alhali shi kansa zafi yake fitarwa sa'ad da yake taurara. Haka nan ɓawon ba shi ne ke ɗaukar kayan ba. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce, kuma idan ta lotsa dole ya tsage. Don haka ake fita da shi saura da rairayi, a yi ta jan amalanke mai tayar jirgi a kansa har ya gaza, a duba ko iskar farfela za ta ɗaga gefensa, a kuma danƙa mafesar a hannun kuratan soja masu gajiya maimakon malaman da suka ƙago shi.

Babbar fa'idarsa ga jirgi mai saukar ungulu ita ce danne ƙura. A Afrilun 1980, a hamadar Iran, ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage ya tashi cikin ƙurar da ta makantar da matuƙinsa, ya daki jirgin C-130 da ke tsaye, sojoji takwas suka halaka.