Baƙin Daji na Ƙasar Jamus

A kudu maso yammacin Jamus, kusa da iyakar Faransa da Suwizalan, akwai wani daji mai tuddai wanda Jamusawa ke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji. Tsawonsa kilomita 160 ne, kamar mil 100 ke nan. Dutsensa mafi tsawo shi ne Feldberg, mita 1,493. A cikin dajin nan ne babban kogin Danube ya faro.

Wanda ya gan shi yau zai ce haka yake tun fil azal. To, ba haka ba ne. Mutanen dā sun yi ta sare shi don ƙona gawayi da yin gilashi. Manyan gungumomi kuwa sukan ɗaure su wuri ɗaya, ruwan kogin Rhine ya kai su Holan a yi jiragen ruwa. Shanu da awaki kuma suna cinye tsiro. Wajen shekara ta 1800 tuddai da yawa sun zama fili. Sai gwamnatin Baden ta kafa dokar daji a 1833, aka shiga dashe. Amma a ganinmu an yi kuskure ɗaya, gama itace iri ɗaya aka yawaita dasawa saboda saurin girmansa. Da babbar guguwa ta taso a watan Disamba 1999, ta kayar da itatuwa ba iyaka.

Yanzu baƙi suna zuwa shan iska, da wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Baden-Baden, da sayen agogon katako mai kukan tsuntsu. Manoma da yawa suna ba su hayar ɗaki a gidajensu, ƙari a kan kuɗin madara da na katako.