Asubar da Tsuntsaye Suka Auka wa Kapitola

Kapitola ƙaramin gari ne a bakin mashigin tekun Montere, a jihar Kaliforniya ta Amurka. Wurin shan iska ne. Wajen ƙarfe uku na daren 18 ga Agusta, 1961, ƙarar buge-buge a kan rufi ta tashi mutanen garin. Dubban tsuntsayen teku masu launin toka ne ke faɗowa cikin hazo, suna karo da tagogi da fitilun titi, suna tangaɗi, suna aman ƙananan kifaye. Da gari ya waye, tituna cike suke da mushe, ga ƙarni ko'ina.

Bayanin farko shi ne hazo ya ɓatar da su, hasken gari ya jawo su. Sai dai hazo ba baƙo ba ne a wannan gaɓa, tsuntsayen kuma duk shekara suna zuwa. To me ya kawo aman da tangaɗin? Alfred Hitchcock, mai shirya fina-finai da ke da gida a kusa, ya nemi rahoton jarida kan lamarin lokacin da yake shirya fim ɗinsa na harin tsuntsaye da ya fito a 1963. Fim ya yi suna, tambaya ta rage ba amsa.

Bakin zaren ya ɓullo ne daga Kanada a 1987. A tsibirin Prince Edward aka samo wata kumbar teku da ta kwantar da mutum fiye da 100, aƙalla uku suka rasu, wasu suka kamu da mantuwa. Masana suka gano dafin: domoik asid, wanda wata ƙwayar gansakuka mai suna Pseudo-nitzschia ke fitarwa. Yana zaburar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa fiye da kima, sai ruɗewa da farfaɗiya su biyo baya.

A 1991 abin ya dawo mashigin Montere. Kwasakwasa da wasu tsuntsayen ruwa suka yi ta layi suna mutuwa. Aka buɗe cikinsu aka ga ƙananan kifaye, aka buɗe cikin kifayen aka ga gansakukar. Hanya ta fito fili: kifi ya ci gansakuka, tsuntsu ya ci kifi.

Saura shaidar 1961, alhali tuni an kwashe mushen an zubar. Ashe masu binciken kifi sun ɗebi ƙananan halittun ruwa daga mashigin a watannin Yuli da Agusta na shekarar, an adana su cikin kwalabe a cibiyar binciken teku ta Scripps. Sibel Bargu ta Jami'ar Jihar Luwiziyana da abokan aikinta suka duba abin da ke cikin hanjin waɗannan halittu. Kashi 79 cikin 100 na ƙwayoyin gansakukar da suka samu irin masu fitar da dafin ne. Mujallar Nature Geoscience ta buga sakamakon bayan shekara 50 da aukuwar abin.

Waɗanda suka cika kwalaben nan ba su san tambayar da za su amsa ba, aikinsu kawai suka yi da amana. Yau hukumomin Kaliforniya suna auna kumba da kaguwa, su rufe kamu idan dafi ya yi yawa. Duk ƙasar da take da masunta ta riƙa auna ruwanta tana adana abin da ta ɗiba, domin ran mutane ya rataya a kai.