Gasar Kyaututtukan Talabijin Ta AMVCA Da Kasuwar Finafinan Hausa

A shekarar 2024 ne masu shirya gasar kyaututtukan talabijin ta AMVCA suka soke rukunin da aka keɓe wa finafinan Hausa, suka haɗe shi da na Yarbanci da na Ibo a cikin rukuni guda na harsunan Afirka ta Yamma. Wannan mataki ya shafi 'yan kasuwar da ke zuba jari a sana'ar fim a Kano da sauran garuruwan Arewa, domin kyautar tana da tasiri a kan darajar hajarsu.

Kamfanin MultiChoice, mai tashoshin Africa Magic da ake kamawa ta tauraron ɗan'adam, shi ne ke shirya gasar. An fara yin bikinta a watan Maris na shekarar 2013 a otal ɗin Eko da ke Ikko, kuma ana yin sa shekara-shekara, sai dai ba a yi ba a 2019 da 2021. Wasu kyaututtukan 'yan kallo ne ke jefa ƙuri'a a kansu, wasu kuwa alƙalai ne daga cikin masana sana'ar ke yanke hukunci.

Kafin a soke rukunin Hausa, mutanen Kano sun sha karɓar kyautarsa. A 2016 shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, shi ne ya yi nasara. A 2018 kyautar ta faɗa hannun Ali Nuhu saboda fim ɗinsa Mansoor, a 2023 kuma Abubakar Bashir Maishadda ya karɓe ta da fim ɗin Aisha. Bayan haɗewar, fim ɗin Yarbanci mai suna Jagun Jagun, na Femi Adebayo, shi ne ya lashe sabon rukunin a 2024, kana wani fim ɗin Yarbanci, Lisabi, ya biyo baya a 2025.

Ana iya fahimtar muhimmancin kyautar idan aka dubi yadda cinikin fim ya sauya. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kaset da faifai su ne hanyar samun kuɗi, kuma 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata su ne ke rarraba su zuwa ko'ina. Satar fasaha da yaɗuwar wayar salula sun durƙusar da wannan ciniki. Abin da ya rage wa mai shirya fim shi ne ya sayar wa gidan talabijin izinin nunawa, ko ya kai fim ɗinsa silima, ko ya ɗora shi a YouTube ya jira kuɗin talla, ko kuma ya nemi kamfanin da zai ɗauki nauyi. A duk waɗannan hanyoyi, suna ne ke yanka farashi. Wanda ya taɓa cin kyauta yana zama teburin ciniki da hujja a hannunsa, kuma masu talla sun fi sakin jiki da shirin da jama'a suka riga suka shaida.

Shi ma kamfanin da ke shirya gasar yana da tasa riba. Bikin yana jawo masu ɗaukar nauyi, kamar yadda Amstel Malta ya yi shekaru yana yi, kuma yana tallata tashoshin da kamfanin ke karɓar kuɗin wata-wata a kansu, ciki har da Africa Magic Hausa. Saboda haka tsarin rukunoni yana bin lissafin kasuwa, ikon sauya shi kuwa yana hannun mai gasar. A 2025 ma kamfanin Canal+ na ƙasar Faransa ya saye MultiChoice baki ɗaya.

A halin da ake ciki, fim ɗin Hausa da ke neman wannan kyauta dole ne ya kara da finafinan da aka kashe wa maƙudan kuɗi. Jagun Jagun, alal misali, a Netflix aka fara nuna shi a 2023. Karawa da irinsa tana bukatar kyamara da na'urar ɗaukar sauti masu inganci, da marubuta da ake biya yadda ya kamata, da fassarar Turanci mai kyau a ƙasan hoto domin alƙalai da 'yan kallon da ba sa jin Hausa. Duk waɗannan jari suke ci, kuma jarin da wuya mai shirya fim shi kaɗai ya iya tara shi.

A nan ne 'yan kasuwar Arewa ke da rawar takawa. Masu kallon Hausa sun bazu daga Nijeriya zuwa Nijar, Gana, Kamaru da Sudan, kuma shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So, waɗanda suka fara fitowa a 2020, sun nuna cewa jama'a na bin shiri mai dogon zango mako-mako. Mai son shiga harkar ya kamata ya nemi rubutacciyar yarjejeniya a kan mallakar fim, da tsawon izinin nunawa, da yadda za a raba kuɗin talla, tun kafin a fara ɗaukar hoto.