Burtsatse: A Gwada Ruwan Kafin A Biya Ɗan Kwangila

Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, da wuya ka ratsa ƙauye ba ka ga rijiyar burtsatse ba, jama'a kuma sun sakankance cewa ruwan da ya fito garau lafiyayye ne. Sai dai yankin a kan duwatsu yake zaune, ruwan da ya daɗe kwance cikin dutse kuwa yakan kwaso sinadarin fuloraid. Kaɗan daga cikinsa yana hana haƙori ruɓewa. Idan ya haura miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, sai haƙoran yaro su tsiro da ɗigo-ɗigon fari, daga bisani su dafe. Babba a ce goro ne. To, ɗan shekara bakwai fa?

Ba mu manta da Tibirin Maraɗi ba, inda ruwan burtsatsen da aka fara sha a shekarun 1980 ya tanƙware ƙafafun ɗaruruwan yara kafin a gano musabbabin.

Fuloraid ba shi da launi ko wari, tafasawa ma ba ta kawar da shi. Ya kamata RUWASSA da ƙananan hukumomi su riƙa karɓar takardar gwajinsa kafin su biya ɗan kwangila.