Wa Ke da Hannu a Ƙaramin Shataletale?

Sau da yawa akan ga motoci biyu sun yi cirko-cirko a ƙaramin shataletale na cikin unguwa, kowane direba yana ganin shi ya kamata a ba hannu. Alhali kuwa ƙa'idar guda ɗaya ce: wanda ya riga ya shiga da'irar shi ke da hanya, mai shigowa kuma shi zai dakata har ya sami sarari. Girman mota ko faɗin titin da aka fito ba su canza wannan ƙa'ida.

A da, a ƙasashe irin su Faransa, na cikin da'ira shi ke tsaya wa mai shigowa. Illar wannan tsari a fili take. Idan motoci suka yi yawa, sai su riƙa kwarara ciki ba tare da na ciki sun sami damar fita ba, har da'irar ta cushe, kowa ya tsaya cik. Don haka ne a shekarar 1966 Birtaniya ta wajabta wa mai shigowa ya ba na ciki hannu. Da yake ana barin na ciki su fice kafin wasu su shiga, da'irar ba ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta.

Wannan doka ce ta ba injiniya Frank Blackmore, na cibiyar binciken hanyoyi ta Birtaniya, damar ƙirƙiro ƙaramin shataletale a ƙarshen shekarun 1960. Ya nuna cewa muddin ana bin ƙa'idar, ɗan da'irar da aka zana da farin fenti ma ya wadatar a mararrabar da ba ta da fili.

Amfaninsa ta fuskar lissafi shi ne, a mararraba mai hanyoyi huɗu akwai wurare 32 da hanyoyin motoci ke iya haɗuwa, amma a shataletale mai layi ɗaya 8 ne kawai. Bugu da ƙari, lanƙwasar tana tilasta wa direba rage gudu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke buƙata ta tsaya bayan an taka birki takan ninka huɗu.

A Nijeriya, tun da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, motocin cikin da'ira suna zuwa wa mai shigowa ne ta hagunsa, saboda haka can zai fara dubawa. Wajibi ne kuma ya zagaya tsibirin ta dama ko da hagu ya nufa, domin wanda ya yanke ta gajeriyar hanya yakan yi gaba da gaba da mai tahowa. Sannan ya kula da masu tafiya a ƙasa, musamman yara, ya kuma kunna sigina kafin ya fita.